Sarki a Gwangwanin Sardin

Maigidana tela ne, kuma taurin kansa ya fi ƙarfen kekensa. Da yaƙi ya rufe mu a gida a unguwarmu ta Gardole, unguwa ta yi ta watsewa, kowa na haye kogi zuwa Kuseri. Ni ma na ce mu kwashi yara mu bi. Ya ce shi ba inda za shi, a ɗakin nan aka yanke masa cibiya.

Abin da ya zaunar da shi, in faɗi gaskiya, darar Turawa ce, wadda Larabawan gari ke ce wa shataranji. Shi da maƙwabcinmu, wani tsohon direba, suka ga wasan ya yi musu salihanci da yawa, sai suka lalata shi. Suka shimfiɗa shuɗin ƙyalle a gefen allon, wai kogin Shari ne. Kwalin ashana ya zama motar yaƙi. Suka yanke mini sabulun wanki, sabuluna fa, suka sassaƙa ɗan jefawa irin na lido, shi ke yanke hukunci ko harbi ya samu. In igwa ta yi ƙara a waje, kowa ya cire soja ɗaya, suna ƙyaƙyata dariya kamar ba tsofaffi ba. Ina ta masifa daga bakin murhu, amma wallahi ni ma ina dariya.

Direban ne ya kawo gwangwanin sardin ya ce kwalekwale ne, duk wanda ya haye da sarkinsa da sauran mutanensa ya ci wasa. Maigidana ya ce dokar matsorata ce, bai taɓa ko kallon gwangwanin ba.

Sai direban ya haye kogin da gaske. Maigida ya wuni yana zagaya allo kamar kazar da ta rasa 'ya'yanta. Da hantsi washegari ya kasa daurewa.

"Uwar yara, zo in koya miki."

"Koya wa wa? Ai ina gani ta bayan tukunya. Amma in na ci, gobe mu haye."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Kalas, shi ke nan, na yarda!"

Kai, ranar na ga ɓarna! Ya cinye mini dokuna, ya bi motata ya harbe, yana waƙa yana kiran yara su zo su ga uwarsu. Ni kuwa ina ta ja da baya, ina tura sojojina bakin ƙyalle ɗaya bayan ɗaya. In na faɗi, a gidan nan za mu ci gaba da kwana ƙarƙashin gado. Yana can yana farautar wazirina, na ɗauki sarki da sauran sojojina na saka a gwangwani, na ja shi ƙiii zuwa ɗaya gefen.

Yara suka ɓarke da ihu. Ya dubi allon: sojojinsa cike da fili, ba wanda za su yaƙa.

"Wannan ai gudu ne," in ji shi.

"Gudu ne, Malam. Ƙirga mutanena, ka ga ko ba su da rai."

Ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya. Sai ya miƙa hannu ya jawo gwangwanin, ya ɗauki nasa sarkin ya saka kusa da nawa.

Washegari a cikin kwalekwale kan keken ɗinki na kan cinyata, allon yana kansa. Ba mu kai tsakiyar ruwa ba ya fara cewa sai mun sake, wai sabulun ne ya cuce shi.