Shayin Wanda Gwajinsa Ya Lalace

A unguwarmu ta Ka'akiyya, nan ƙasa mai tsarki, in ka zo mirkaz, wato doguwar kujerar da muke hira a kai bayan La'asar, ka ga wani dattijo a can ƙarshe ana ta zuba bai ce uffan ba, to Ammi Mukhtaru ne, wato Baffa Mukhtaru da Larabcin nan. Kakansa ne ya zo aikin Hajji daga Kano, ya ga wuri ya zauna. Shi kuwa jikan ya yi karatun injiniya, sojoji suka ɗauke shi zuwa wani sansani can cikin sahara, inda ake ƙera wani abu mai tashi sama. Iyakar saninmu ke nan, shi ma a bakin marigayiya matarsa muka tsinta. An rantsar da shi ba zai faɗa ba, kuma mutum ne da ko yaro ya yi wa alkawarin alewa sai ya cika.

Mu kuwa a mirkaz da labari ake samun wurin zama. Mai yi wa alhazai jagora a Mina yana da na tsohon da ya ɓata ya tare a tantin Turkawa, ya ƙi dawowa saboda girkinsu. Direban bas yana da nasa. Ni da ba ni da aikin kirki, na kowa ma ina da shi. Ammi Mukhtaru ya yi rayuwa guda cur, an kulle ta an tafi da makulli. Na sha tsokanarsa cewa ƙila fanka yake gyara musu ake ce mana jirgi. Sai ya yi murmushi ya roƙa mini shiriya.

Abu ɗaya ya taɓa ba mu, don ya ce shi ba sirri ba ne. Shugabansu, wani Sa'ud, ya sa doka cewa duk mai anini a kafaɗa ya bar shi a bakin ƙofar ɗakin aiki. Ran Alhamis kuma, wanda gwajinsa ya fi lalacewa a makon shi ake ɗorawa a kujerar shugaba, Sa'ud da kansa ya zuba masa shayi, ya ce ya ba su labarin yadda ta lalace. Wanda bai taɓa shan shayin nan ba, a wurin Sa'ud matsoraci ne.

To, sai Ammi ya ɗauka haka duniya take. Da maƙwabcinmu Abdulƙadir ya buɗe shagon burodin tamis, abin bai yi ba ya rufe, ranar da ya fara fitowa mirkaz kowa na kauce wa zancen, ana cewa Allah ya mayar da alheri. Sai ga Ammi ya miƙe, fuska a sake, ya tsiyaya masa shayi da hannu biyu, ya ce ya ba mu labarin yadda ta lalace.

"Ya Ammi, ni za ka yi wa dariya a gaban jama'a?" in ji Abdulƙadir. Ya zura takalmansa ya tafi.

Tun daga nan duk wanda wani abu ya sama yakan zauna nesa da butar. Ammi ya koma ƙarshen kujera.

Rana ɗaya gare shi a shekara, ranar da Sa'ud ya zo Umra. Sai su hau saman bene su ja ƙofa, ka riƙa jiyo dariyarsu har titi. 'Yarsa Manal ta ce mini ranar ce kawai take jin muryar babanta gaba ɗayanta.

Bana ɗan Sa'ud ya yi waya, ya ce sun kawo tsohon a keken marasa lafiya, suna otal kusa da Harami, kuma jikin sai addu'a. Ammi ya sa sabuwar jallabiya, ya cika fulas da shayi mai na'a-na'a, ni na kai shi a mota. Na zauna a ƙasan otal ɗin na gyara zama, don na san hirar tasu. Ban gama gaisawa da mai gadi ba sai ga shi ya sauko, fulas ɗin da nauyinsa. Har muka zo gida bakina a rufe, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yaye ni.

Washegari ya fito mirkaz ya nufi ƙarshen kujera. Na tashi daga tsakiya na ja shi na zaunar, na ɗauko buta na zuba masa.

"Ammi, ba mu labarin yadda ta lalace."

Ya ɗauki kofin.

"Ya gaishe ni da mutunci, Ismail," ya ce. "Sannan ya tambaya ko ni ne zan tura masa keke a Sa'ayi. Bai gane ni ba."

Abdulƙadir ya sauke kai.

Ammi ya ce, "Abin da muka yi ya tashi, wallahi ya tashi. Yanzu ni kaɗai na san ya tashi."

Ya shanye shayin, ya kife kofin a faranti, ya riga mu tafiya masallaci.