Ranar da Taubashina Ya Zama Ɗan Rasha

Na manta abubuwa da yawa na zamanin Turawa, har da fuskokin waɗansu da muka ci tuwo a kwano ɗaya. Amma ranar da taubashina ya zama ɗan Rasha a filin Goronyo, wannan kam da ita za a kai ni kabari.

A 'yan shekarun ƙarshe na mulkinsu aka kawo mana wani Baturen gona a Wurno don aikin noman rani. Shi ya zo mana da ƙwallon gora, wadda suke kira hoki: sanduna masu lanƙwasasshen kai da 'yar ƙwallo mai tauri kamar ƙwallon goruba. Ni aka sa gola, don an lura ba ni da shiri da gudu. Taubashina, ɗan kawuna, shi ke tsaron baya a gabana. Ƙato ne, amma Allah ya ba shi sanyin hannu. Zai zare ƙwallo daga sandarka ba tare da ya taɓa ka ba, kai kuwa kana ta sheƙa gudu da sanda babu komai. Muddin yana gabana, hamma kawai nake yi.

Kawu ya tsani wasan nan. Cewa yake yi mutum da gemunsa yana bin dutse da sanda, ga albasa na jiran ban ruwa. Da aka ce za mu kara da Rabah, kuma Bature zai zaɓi mai tsaron baya ɗaya ya sa shi cikin 'yan wasan lardi, sai kawu ya yanke magana. In an ɗauki taubashina, ya tafi da albarka. In ba a ɗauke shi ba, ya ajiye gora har abada. Ba mu damu ba, don ko mutanen Rabah sun san babu kamarsa.

Ana haka, wata rana muna hutawa bayan wasa, Bature ya nuna mana wata mujalla. Ga hoton wani basamude, kafaɗu kamar an cusa masa matasan kai, yana murmushi babu haƙoran gaba. Tafintan Bature ya ce mutumin Rasha ne, shi ma mai tsaron baya. Wai a wani garin masana'antu ya fara, daga nan soja suka ɗauke shi ya yi musu wasa, yanzu ƙasar gaba ɗaya yake tsare wa baya.

Taubashina ya matso. "Ba shi noma?"

"Ba shi noma, ba shi hwatauci," in ji tafinta. "Wasan ga shi na sana'atai."

"To, mi yah hidda mai haƙora?"

"Aiki. Can in mutum ya taho da ƙwallo, kahwaɗa aka sa mai, shi hwaɗi. Kuma bisa ƙanƙara su ka yi."

Tun daga ranar na rasa taubashina. Mu ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda ke zubowa daga sama ta ɓata gero. Sai ya lissafa da kansa cewa a kan irin waɗannan 'yan duwatsu mutanen Rasha ke gudu. Ya koma gindin tudun gari yana tsere a kan tsakuwa ba takalmi. Ni kuwa, da yake aikina ne na taubashi, na je na duba na ce masa wannan tsakuwar ta yara ce, ya nemi mai kaifi. Ya gode mini ƙwarai.

Ya daina zare ƙwallo, ya koma bangazar duk abin da ke tsaye: rumbu, buhun gero, gindin tsamiya. Har ya tambaye ni ko wanzami na cire lafiyayyen haƙori. Na ce ya bar wahalar da wanzami, tabaryar gidanmu na nan. Ya yi tunani sosai kafin ya ce a bari sai an ɗauke shi.

A Goronyo aka sa wasan, don ba wanda ya yarda ya je gidan wani. Ranar kasuwa ce, bayan la'asar, ga zafin bazara. Kawu ya kawo albasa a jaki, ya gama ciniki, ya tsaya a bakin fili yana waige-waige kamar mai neman wani abu. Da taubashina ya fito daga bayan wata bishiya muka gane abin da kawu ke nema. Akumarin jakin ne, wato shimfiɗar da ake ɗora wa kaya, ya naɗe kafaɗunsa da shi ya ɗaure da igiya. Ya nannaɗe ƙwaurinsa da tsumma, ya kife ƙoƙo a kansa. Masu hatsi da masu awaki duk suka bar sana'a suka zo kallo.

Da aka fara, wani siririn ɗan Rabah ya taho da ƙwallo. A da, da tuni an raba shi da ita. Taubashina bai ko dubi ƙwallon ba, ya sa masa kafaɗa, yaron mutane ya sauka kusa da masu tallan fura. Bature, wanda shi ne alƙalin wasa, ya busa usur.

"Hakanga ɗan Rasha ka yi," in ji taubashina.

Tafinta ya saurari Bature, sannan ya juyo. "Ya ce nan Goronyo ta."

Bai ji ba. Siririn nan ya sake tahowa, wannan karon ya goce. Taubashina da nauyin akumari ya kasa tsayawa, ya wuce abinsa, aka bar ni da mutum da sanda. Ƙwallo ta sami ƙwaurina ta wuce ciki. Ta biyu ma haka. Na ce, "Taubashi, aje Rasha ka dawo Wurno, ƙahwata ta kusa karewa." Ya ɗaga mini hannu wai in kwantar da hankalina.

Sai gumi ya sa ƙoƙon ya zamo ya rufe masa ido yana tsakiyar gudu. Ya ji motsin mutum a gabansa, ya tattara ƙarfinsa duka ya sa kafaɗa. Bature ne. Ya zauna daɓas a ƙasa, usur ɗin da ke bakinsa ya yi ƙara shi kaɗai. Filin ya yi tsit, don a lokacin ba a san abin da ke biyo bayan kayar da Bature ba. Ni dai na cusa kaina cikin riga ina shaƙewa da dariya. Bature ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa, ya nuna wa taubashina waje da yatsa. Da aka tashi wasa, mai tsaron bayan Rabah Bature ya ɗauka, mutumin da ko rabin taubashina bai kai ba.

Na ɗingisa na nufi taubashina, baki cike da tsiyar da na tanada. Na tarar da shi zaune yana fama da ƙullin igiya, hawaye na bin gumi. Nan dariyar ta maƙale mini, na ji tausayinsa har cikin raina. Na durƙusa na kwance masa.

Kawu ya iso. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Mai da ma jaki kayanai. Gobe da asuba akwai ban ruwa." Ya miƙa hannu, taubashina ya sa masa gorar a ciki. Da ita kawu ya kora jakinsa, muna biye. Taubashina bai sake shiga fili ba har ya koma ga Allah, kuma ban sake ganin mai hannu irin nasa ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in Allah ya ba ka taka baiwar, kada hoton wani ya raba ka da ita. In kuwa lallai sai ka kwaikwayi mutum, to ka fara tambaya a wane fili yake wasa, kuma wace doka ake bi a can.