Batirin da Ya Kai Mu Suna a Amalanke

Shekarar da fetur ya fi ƙarfina na koma babur mai caji. Da batirinsa ya fara gajiya, na sauya shi da wani na litiyam da na gani a kasuwa. Lambar ƙarfin caji da aka manna a jikinsa ta ninka ta tsohon, ga arha, ga nauyi. Mai shagon ya rantse zai kai ni Gwaram daga Birnin Kudu ya dawo da ni, har in yi yawon gaishe-gaishe. Ni kuwa ban da wuyar yarda in abu ya yi mini daɗi.

A makon ne ƙanwata ta haihu a Farin Dutse, kuma mijinta ya bar wa Baba zaɓin suna. Baba ya ƙi faɗa wa kowa. Ya ce da bakinsa zai gaya wa liman ranar suna, in bai je ba su sa wanda suka ga dama.

Muna idar da sallar asuba na goya shi, da ƙwaryar goro da rabin buhun gero a baya. Babur na tafiya shiru, ina ta cika baki. Alamar caji ba ta ko motsa ba har muka yi nisa. Muna fara hawan wani tudu sai ta zube gaba ɗaya, babur ya yi ɗif.

Na murɗa, na jijjiga, na roƙe shi. Daga baya ne mai gyara ya farke batirin, ya nuna mini ƙwayoyin riƙe caji da ba su kai rabi ba, sauran wurin an cike shi da yashi a leda. Nauyin da nake taƙama da shi ke nan.

Baba tsohon ɗan kasuwar hatsi ne. Ya sauka, ya duba lambar, ya kwashe da dariya.

"Ai na san masu wannan sana'a," in ji shi. "Da mudun saye suka rubuta, da mudun sayarwa suka zuba."

Ni dariya ba ta zo mini ba. Surukinmu ya kira, ya ce liman ya zauna kuma yana da wani taron sunan a gaba. Na miƙa wa Baba waya, na ce ya faɗa musu kawai.

"Suna ba lambar kati ba ce," ya ce, ya tura hannuna.

Haushi ya cika ni har wuya. Muna nan sai ga wani Bafulatani da amalanke, bijimai biyu na ja, zai ɗebo taki. Baba ya ce, "Malam, naka batirin yana kaiwa Farin Dutse?"

"In dai sun ci harawa, Baba."

Muka ciccibi babur muka ɗora. Baba ya ce shi a babur ya fito, a babur zai isa. Ya haye kansa a cikin amalanken, ya riƙe kan babur, babbar riga na kaɗawa. Haka muka shiga gari, mutanen da ke zaune a ƙofar gida suka miƙe suna tafi. Liman ya riga ya sa takalmi zai tafi, dariya ta mayar da shi kan tabarma.

Baba ya sunkuya ya yi masa raɗa. Da liman ya ɗaga murya, sai na ji sunan Inna, mahaifiyarmu da ta rasu. Baba bai taɓa kiran sunan nan a gabanmu ba, ko tana raye. Guɗa ta tashi daga cikin gida. Na tsaya jikin amalanke ina dariya, hawaye na zuba, daɗi ya hana ni ko shafa fatiha da kyau.

Baba ya juyo, idonsa jawur, ya ce, "Shiga ka gaishe da uwarka, ta dawo."