Mutarin Gidan Tanna

A wata makaranta a Mayahi akwai malamin kwamfuta, Mutari, mutumin Attantane. Shekara shida yana haɗa abu guda: kompilater, wato shirin da zai karanta umarnin da ɗalibai suka rubuta da Hausa, ya tsara shi kamar bishiya mai reshe bisa reshe, har kwamfuta ta gane. Ko layin fura ya shiga sai ya zana wa mutane bishiyar a ƙasa. Wasu sun fara tsallake hanya in sun hango shi.

Da fishiye ɗaya, wato fayil guda na umarni, abin yana tafiya lafiya lau. Amma da ɗalibai kowa ya rubuto nasa fishiye, Mutari ya zube su duka ƙarƙashin saiwa guda, sai shirin ya cije. Ɗalibarsa Fatiha ta sa wa aikinta suna "lissafa", Rayyanu ma haka, kwamfuta ta rasa wanne ake kira. Ga direkta ya ce in Alhamis ta zo bai ga abin yana aiki ba, za a mai da ajin ɗakin ajiya. Mutari ya ji tsoro ƙwarai.

Ana cikin haka Goggo Zara'u, ƙanwar mahaifinsa, ta zo cin kasuwa. Tun daga ƙofar makaranta take kira: "Ina Mutarin gidan Tanna?"

"Haba Goggo, nan Mushe Mutari ake ce mini, kamar yadda ake kiran malamai."

"Mushen mi? Mutari bakwai gare mu Attantane. In ban faɗi gida ba, wa zai amsa?"

Nan take Mutari ya gano maganin matsalarsa. Ko ruwa bai ba ta ba, ya koma aji da gudu. Ya ba kowane fishiye reshensa kamar gida, ya sa gari a matsayin saiwa, kowane suna kuma a kira shi da gidansu.

Ran Alhamis shirin ya tafi sumul, aji ya tsira.

Da Goggo ta ji bayani sai ta riƙe haɓa. "Shekara shida kan wannan? Da goro ɗaya na hwaɗa maka."

Mutari ya yi dariya, amma idonsa ya cika. Tanna, mahaifinsa, ya rasu tun yana goye, kuma yau Goggo kaɗai ke kiran sunan. Reshen farko na bishiyar, gidan Tanna ya sa masa.