Cokali na Arba'in

Malam Nuhu na Bukkuyum ba ya tashi daga wurin cin abinci sai ya ƙirga cokulan gidan. Ya koyo wannan ne a asibitin masu taɓin hankali, inda ya shekara ashirin yana tsaron majinyata. A can, cokali arba'in ake fitarwa, arba'in ake mayarwa, domin guda ɗaya in an wasa shi a siminti ya isa ya farke ciki.

Wani da ya taɓa kwanciya a ɗakin da Nuhu ke tsaro ya warke, ya rubuta littafi. Munira, ɗiyar Nuhu, ta karanta masa a zaure. Da aka mai da shi fim, ta kawo a waya suka kalla.

A littafin, cokali ya ɓata bayan abincin rana. Ma'aikata suka zargi wani makiyayi shiru-shiru. Suka kayar da shi, suka ɗaure shi da jiƙaƙƙen zanen gado, ɗayansu ya danne masa ƙirji da gwiwa har haƙarƙari ya yi ƙara, jini ya biyo hanci. Makiyayin ya cika, ba a ga cokali ba. A fim kuwa, sai ga makiyayin ya zaro cokali daga wando, ya luma wa ma'aikaci a wuya.

"Kashe wayar nan," in ji Nuhu.

"Baba, fim ne fa. Ƙara gishiri ai shi ne aikinsu."

"Makiyayin nan Makau sunanshi, ɗan Gwashi. Ko garin ba su sauya ba. Bai soki kowa ba. Innarshi Uwani na nan da rai, jikokinta kuma na da waya."

"Kai ina ka san duk wannan?"

Nuhu ya dubi gwiwarsa ta dama. Can ya shiga ɗaka, ya fito da wani tsohon cokali.

"Shayi na motsa da shi, na manta. Bayan an yi wa gawar Makau wanka na same shi a aljihuna."

Ya naɗe cokalin a farin ƙyalle, ya ce zai kai wa Uwani, ya faɗa mata da bakinsa. Sau biyu ya hau babur. Na farko 'yan bindiga sun tare hanya, suka juyo. Na biyu hanya lafiya lau, amma da aka hango rumbunan Gwashi, ya taɓa kafaɗar mai babur, ya ce a koma.

Ranar da aka kai Nuhu makwancinsa, Munira ta sami ƙullin a aljihun rigarsa ta tafiya.