Ko Sisinta Ba Zan Taɓa Ba

A unguwarmu ana ce wa gidana gidan alat huɗu, wato saƙon shigowar kuɗi daga banki. Wani tela maƙwabcina ne ya laƙaba mana, sunan kuma ya bi mu. Lissafinsa daidai ne. Ina da shagon kayan gyaran babur da keke a kasuwar Wunti, kuma ba zan yi wa Allah butulci ba, shagon yana kawowa. Matata babbar nas ce a asibitin gwamnati. Babban ɗana yana aikin banki. Mai bi masa, mace ce, tana aiki da ƙungiyar agaji, masu fararen motocin nan da ke yawon ƙauyuka, albashinta ya fi na uwarta. Ƙarshen wata wayoyi sai kuka suke a gidan kamar 'yan tsaki. Abin da telan bai sani ba shi ne, aljihu ɗaya ne ke zuwa cefane, kuma nawa ne.

Ni na ja wa kaina, da bakina.

Lokacin da aka ba matata aiki, mahaifinta, Allah ya jiƙansa, ya ce bai yarda ba. Tsohon malami ne mai zafi. Ya kira ni zaurensa, na durƙusa, ya ce shi ya san mazan zamani, suna barin mace ta fita aiki ne don su miƙe ƙafa su ci guminta. Ni kuwa a aji uku na sakandare na ajiye biro, dama kullum ina jin ana yi mini kallon wanda ya auri wadda ta fi shi. Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, wallahi tallahi, ko sisinta ba zan taɓa ba. Ci da sha da sutura a wuyana suke har in koma ga Allah." Ba wanda ya ce in rantse. Tsohon ya dube ni ya ce, "Allah ya ji ka, ni ma na ji ka."

A lokacin kuɗin mudun shinkafa bai kai na kashin tumatur ɗaya a yau ba.

Da ma a zauren na bar maganar, da sauƙi. A'a, sai na mai da ita kirari. Yara suka tashi suna jin ina bugun ƙirji: a gidan nan ba a cin kuɗin mace, ba a cin kuɗin yaro. Suka haddace kamar karatun allo. Da suka fara aiki, ba wanda ya taɓa tsayawa a hanya ya sayo ko mudun wake. Me zai sa? Ai Baba ya hana.

Sai dai bakin ma'aikaci ba irin bakin ɗan kasuwa ba ne. Ni koko da ƙosai sun ishe ni. Su sai shayi da madara da ƙwai. Itace ya zama abin kunya, sai gas. In an ɗauke wuta sai a dube ni, in tashi in nemo man janareta. Ƙananan yaranmu guda uku ba za su je makarantar gwamnati ba, wai 'ya'yan nas ne. Ga mutanen ƙauyenmu Zungur: duk wanda ciwo ya kama, gidana zai sauka shi da mai jinyarsa, tunda matar ɗan'uwansu ta san likitoci. Ita ta haɗa su da likita a gode mata, ni in ciyar da su mako biyu ba wanda ya gani. In ana biki ko suna a dangi, abin da wani zai bayar a sa masa albarka, in ni na bayar sai a taɓe baki.

Ba wai ba sa yi mini komai ba. Suna yi. Duk Sallah ɗana zai kawo shadda, 'yata ta kawo turare, uwarsu ta sayo hula. Akwai ranar da na buɗe akwati na ga shaddoji a jere, wasu ko ɗinki ba a kai ba, a ranar kuma ƙasan buhun shinkafa ake karkaɗewa a kicin. Mutum ba ya dafa shadda.

A hankali na fara cin jari. In sayar da kwalin filogi, maimakon in mayar da wani, sai ya tafi kuɗin makaranta. Kantocin shagon suka fara nuna katako. Ana cikin haka mai shagon ya rasu, magadansa suka zo suka ce sun ƙara haya, kuma ta shekara biyu suke so a dunƙule, ko in kwashe kayana cikin wata guda. Shekara ashirin da wani abu ina wurin. Duk mai keken da ke bin Wunti ya san ƙofar. In na tashi, na mutu a tsaye.

Na gwada ɗana da zagaye. Muna cin abinci na ce kasuwa ta yi tsauri bana. Ya ce, "Wallahi Baba, ko'ina haka ne. Allah ya kawo sauƙi." Ya ci gaba da danna waya, lefe yake haɗawa a lokacin. 'Yar kuwa dariya ta yi ta ce, "Kai Baba, ai kai ne bankinmu."

Uwarsu ce kaɗai ta gane. Ta same ni a tsakar gida bayan la'asar ta ce, "Alhaji, in magana ce a bakinka, ka faɗe ta. Rantsuwa ce fa, ba igiyar aure ba. Ka ciyar da miskinai goma, an wuce wurin."

Na ce, "Goma? Shekara nawa ina ciyar da fiye da goma a gidan nan, wa ya rubuta mini kaffara?"

"To buɗe baki ka ce in ba ka."

"Wanda na yi wa alkawarin yana ƙasa, Hajiya. In je in tashe shi in ce na fasa?"

Ta kaɗe zaninta ta miƙe. "Kai ka sani. Girman kai rawanin tsiya."

Abin da ya rage mini a duniya wanda ba shagon ba, gonar da na gada a wurin mahaifina ce a Zungur. Ba ta da girma sosai, amma ƙasa ce mai kyau, da ɗorawa biyu a gefen gabas. A nan na koyi riƙe fartanya. Ƙanin mahaifina, baffana, shi ke ɗan taɓa noma a cikinta don kada ta zama daji. Na sa ta a hannun dillali. Da baffa ya ji, ya aiko a gaya mini cewa ɗan da ya sayar da gonar ubansa ya sayar da hanyar komawa gida. Duk da haka na bar ta a hannun dillalin.

Kwana huɗu dillalin ya dawo yana washe baki. An sami mai saye, bai nemi ragi ba, amma ba ya so a san shi sai ranar takarda. Na ɗauka wani hafsan soja ne daga barikin Shadawanka, su ne ke irin wannan sayen.

Ranar na hau acaɓa da hantsi na tafi gidan mai unguwa a Zungur. Tun daga nesa na hango motar ɗana a gindin bishiya. Na shiga zaure, ga mai unguwa, ga liman, ga baffa, ga yayan matata zaune da biro a hannu. Ita kuma tana daga bakin ƙofar cikin gida a kan tabarma, ta yafa mayafin da ni na saya mata.

Na tsaya kamar an dasa ni. Baffa ya kwashe da dariya ya ce, "Zauna mana, ɗana. Gona ba ta bar gida ba, ɗaki kawai ta sauya."

Na ce, "Hajiya, mene ne haka?"

Ta ce, "Ciniki. Ban ba ka ba, ba ka roƙa ba. Ka sa kaya a kasuwa, na taya."

Na juya wurin liman na ce, Allah gafarta malam, ni fa na rantse ba zan taɓa kuɗinta ba. Ya ce da zarar na ce na sallama, kuɗin ya tashi daga nata ya zama kuɗin gonata, rantsuwata tana nan lafiya lau. Kowa ya gyaɗa kai, an sami mafita. Ni kaɗai nake jin kamar an tuɓe ni a kasuwa. Ashe duk kwanakin da nake zagayen tsakar gida kamar kazar da za ta yi ƙwai, kuɗin yana nan cikin gidan, a wayar da ake cajinta da wutar da nake biya. Adashinta ne na shekaru, ɗanta da 'yarta suka cika mata. Da ita ta tambaye su, nan take suka samu.

Zan iya cewa na fasa. Saura kwana tara wa'adin shagon ya cika. Na sa hannu.

Na biya magadan, na mayar da kaya a kantoci, shagon yana nan har yau. Ita kuma ta sa tarakta a gonar, ta zuba taki, ta ɗauki 'yan ƙwadago, ta naɗa baffa mai kula. Da kaka aka sauke buhunan masara a ƙofar gidana, yawan da ni da mahaifina ba mu taɓa gani ba a wannan ƙasar. Ta ce a shigar da su sito a ci.

Na tare ƙofar siton na ce, "Nawa ne buhu?"

"Haba, Alhaji."

"Ci da sha a wuyana suke. Nawa ne buhu?"

Ta gyara mayafinta. Sannan ta faɗi farashin kasuwa na ranar, ba ta ƙara ba, ta ce ta yafe mini kuɗin mota. Na ce ban yarda ba, a sa har da shi. Na ɗauki buhu uku, iya abin da aljihuna zai kai ke nan. Sauran washegari ɗan sari ya zo da akori-kura ya kwashe.