Gubar da Na Zuba a Rafin Baba Iliya

Ni ɗan masunta ne, jikan masunta. A wani ƙauye na bakin kogi a ƙasar Yawuri aka haife ni, kuma tun kafin in iya alif na iya ɗinkin taru. Mahaifina mutum ne mai tsanani a kan ruwa. Idan damina ta faɗi kifi ya ɗauki ƙwai, dattawa sukan rufe wasu gulabe, ba mai jefa ko fatsa sai an buɗe, kuma shi aka ɗora wa tsaron wannan doka. Na taɓa gani da idona ya ƙwace homar ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya cinna mata wuta a gaban jama'a. Ina faɗa muku haka ne, yara, don kada wani ya ce jahilci ne ya kai ni. Na san abin da nake yi sarai, albasa ce kawai ba ta yi halin ruwa ba.

Boko ya karɓe ni, har gwamnatin jiharmu ta turo ni Amurka karatun aikin gona a ƙarshen shekarun saba'in. Na sauka a Greensboro, na kama ɗaki a gabashin gari kusa da jami'a. Da rana aji, da yamma dakon kaya a wani sito. Ban rasa ci ba, ban rasa sutura ba. Hausawan garin a lokacin ba mu da yawa, duk Asabar mukan taru a gidan wani malamin jami'a, matarsa Hajiya Rabi ta tuƙa mana tuwon masara. Kuma kullum kukanta ɗaya ne, ba kifin banda. "Wannan kifin nasu na firiza," in ji ta, "kamar mutum yana tauna auduga."

Wani hutu kewar ruwa ta kama ni, na ari mota na yi tafiyar awa huɗu zuwa bakin teku da 'yar fatsata. A wani ƙauyen masunta na tarar da wani dattijo baƙar fata zaune a bakin gada yana fama da yagaggen taru, yatsunsa sun ƙi ba shi haɗin kai. Na yi gaisuwa, na karɓi allurar, kafin ya gama shan tabarsa na rufe ramin. Ya juya ɗinkin ya duba gaba da baya, ya ce, "Yaro, wa ya koya maka wannan?" Na ce babana. Ya ce, "To babanka mutum ne."

Sunansa Elijah, ni kuwa na mayar da shi Baba Iliya, ya kuma amsa. Matarsa ta rasu, yana zaune da 'yarsa da 'ya'yanta biyu. Duk abin da ya mallaka a duniya bai wuce ɗan jirginsa mai inji ba, da lasin ɗin kamun kifi, da kuma sunansa na mutumin da ba a taɓa kama shi da laifi a ruwa ba. Da waɗannan ukun gidan yake ci. Ku riƙe wannan, domin su na taɓa.

Bayan ƙauyen akwai wani rafi da ya ratsa cikin fadamar ruwan gishiri. A bakinsa hukuma ta kafa turaku da alluna, an hana jan taru daga nan zuwa ciki, saboda a nan kifi da jatan lande suke girma kafin su fita teku. Da farko Baba Iliya yana jin haushin dokar ƙwarai. Yakan ce tun yana yaro yake jan jatan lande a wurin, rana ɗaya wasu masu takarda suka zo suka rufe, amma 'yan fatsa da suke zuwa daga birni shaƙatawa an bar su suna shiga. "Su wasa suke yi, ni abinci nake nema," in ji shi. Amma ko sau ɗaya bai ƙetare turakun ba. Da aka yi shekara biyu zuwa uku kamu ya fara kyau a wajen bakin rafin, sai ya sauya magana, ya ce ashe masu takardar ba duka ne mahaukata ba.

Ni kuwa na fara da halal. Nakan sayi kifi a hannunsa, in kawo Greensboro, in yi banda a rabin duro a bayan gida. Ranar da na kai wa Hajiya Rabi na farko, ta shinshina, sai ga hawaye. Ta ce, "Kai, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka! Daga yau kai ne Sarkin Ruwa." Aka yi dariya, sunan ya bi ni. Wallahi wannan sunan ya fi komai lalata ni. Kafin shekara ta zagayo 'yan Nijeriya da 'yan Gana suna nemana, wani kanti a titin High Point Road yana karɓa duk mako, har daga wasu jihohi ake bugo waya. Aji ya zama sai na ga dama. Kifin da Baba Iliya yake kamawa ya daina isa ta, ni kuma ina jin kunyar a ce Sarkin Ruwa ya ce babu.

Ya riga ya nuna mini inda yake ajiye makullin jirgi, a cikin wani tsohon takalmin roba a ƙofar rumfarsa. Ya ce duk lokacin da na zo ba ya nan in ɗauka in yi fatsa. Na kuma lura ranar Lahadi ƙauyen kaf suna coci tun hantsi har azahar, ruwa ba kowa. Lahadin farko na wuce turakun da taku kaɗan, na jefa birgi, wato tarun jifa, sau ɗaya. Da ƙyar na jawo shi. Na ce wa kaina jifa ɗaya ba ya ƙarar da rafi. Lahadin gaba na yi biyar. Bayan wata biyu na kawo taru mai ƙananan ido, ina kwashe manya da 'ya'ya. Na ce ai dokar Turawa ce, ba ta gidanmu ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma ba ya rasa hujja.

Taru aiki ne na mutum biyu, kuma yana cin lokaci, ni kuwa kullum tsorona kada a tashi daga coci. Sai na tuna magimfa. A gida akwai masunta marasa tsoron Allah da suke daka ganyenta su zuba a tafki, kifi ya bugu ya taso, a tsince, a ci, ba abin da yake samun mutum. Nan ƙasar ba magimfa, amma akwai maganin ƙwarin da manoman taba suke fesawa, kuma ni ɗalibin aikin gona ne, ba wanda zai tambaye ni dalilin saye. Na san ƙarfinsa, a aji aka koya mini. Na rufe ido na ce duk ɗaya ne, hayaƙin banda zai kashe sauran.

Wata Lahadi da ruwa ya janye na shiga can ƙuryar rafin na tuttule galan guda. Ban yi minti ashirin ba ruwan ya fara fari. Na zaci manyan za su taso in zaɓa. Ina! Komai ne ya taso. 'Ya'yan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba sun rufe ruwan daga gaɓa zuwa gaɓa, jatan lande suna tsalle suna faɗowa, kaguwa suna rarrafowa kan taɓo suna mutuwa a hanya. Tsuntsaye suka sauko suna ci. Na ce innalillahi, amma hannuna bai daina kwasa ba. Na cika akwatunan ƙanƙara huɗu, na mayar da jirgin, na sa makulli a takalmi, na kama hanya. Sai da na yi nisa na tuna na bar galan ɗin a ƙarƙashin bencin jirgi.

Ashe wani ɗan fatsa ya hango jirgin yana fitowa daga rafin, ya rubuta lambarsa. Washegari jami'an ruwa suka zo, suka ga galan. Aka kama jirgin, aka dakatar da lasin, aka shigar da Baba Iliya ƙara. Masuntan da suka yi shekara arba'in suna gaisawa da shi suka juya masa baya, domin rafin nan shi ne kamunsu na baɗi. A cocinsa ma benci ya yi masa faɗi, ba mai zama kusa da shi. Duk wannan a waya na ji, 'yarsa ce ta kira ni. Ta ce, "Baba yana cigiyarka, ya ce ko za ka zo." Na ce jarrabawa ta riƙe ni. Ta sake kira sau biyu, na sa abokin ɗakina ya ce ba na nan. Wata huɗu ina barci ina tashi, ina zuwa Juma'a a sahun gaba, tsoho yana ɗauke da kayana.

Kifin kuwa na bandace shi na sayar. Manyan na fede su na wanke, waɗanda suka ci ba wanda ya kawo ƙara. Ƙananan da ba a fedewa na busar na tara a buhu. Da Hajiya Rabi ta haihu, na ɗauki buhun nan na kai gudummawar suna, ina taƙama. Aka daka aka zuba a miya. Kafin la'asar mutane suna amai suna faɗuwa, wasu jikinsu yana karkarwa, aka kwashi na kwasa zuwa asibiti har da maijego. Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba. Likitoci suka gwada miyar, ma'aikatan lafiya suka bi sawu, sawu ya tsaya a bakin durona. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Da suka ce a ina na samo kifin, na gaji, na faɗi komai har da rafin.

A kotu mijin Hajiya Rabi ya tsaya kusa da ni a baranda. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya ce, "Shekara nawa kana cin tuwon gidana?" Ya wuce. Alƙali ya ba ni shekara huɗu, jami'a ta kore ni, aka wanke Baba Iliya. Sai dai wankin ya zo a makare. Mako uku kafin a kama ni jini ya buge shi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace.

Ba zan ba ku dogon labarin kurkuku ba. Sanyi ne, da wari, da ƙarar ƙarfe, da mutanen da suke dariya idan suka ji kifi ne ya kawo ni. Wasiƙa ɗaya na samu daga gida, ƙanina ya rubuto cewa labari ya kai wa mahaifinmu, kuma ya hana a ambaci sunana a gabansa. Bai janye ba har ya koma ga Allah. A nan na koyi sallar da ba don idon mutane ba, na yi kuka har na gaji, na tuba.

Da aka sake ni, lauya ya yi ƙoƙari ba a mayar da ni gida ba. Kafin in nemi aiki ko ɗaki na hau bas zuwa ƙauyen. Jirgin yana kife a tsakar gida, ciyawa ta fito ta cikin katakonsa. Baba Iliya yana kan kujera a baranda an lulluɓe masa ƙafafu, ya rame har na kusa kasa gane shi. 'Yarsa ta tare ni a matakala, da rigar aikin kamfanin sarrafa kaguwa a jikinta, ita ce yanzu take ciyar da gidan. Na ce na zo in gaya masa da bakina cewa ni ne.

Ta ce, "Ya sani. Tun ranar farko ya sani, kai kaɗai ka san takalmin. Sau uku jami'ai suna tambayarsa wa yake ɗaukar makulli, ya ce ba kowa. Na yi masa faɗa, ya ce kai baƙo ne kuma ɗalibi, idan ya faɗa za su kore ka, karatunka ya lalace. Ya ce a ba ka lokaci, za ka zo da kanka. Kullum da yamma sai ya sa kujera yana kallon hanya."

Na durƙusa a gabansa na kama hannunsa mai rai, na ce Baba Iliya ka yafe mini. Ya daɗe yana kallona. Bakinsa ya motsa, wata ƙara ta fito, miyau ya zubo. Na dubi 'yarsa, na ce me ya ce? Ta ce, "Ban sani ba. Shekara huɗu ke nan ba mai gane maganarsa." Bai kai ƙarshen wannan shekarar ba ya rasu.

To, yara, ga abin da zan gaya muku. Inda aka ce an rufe, ku bar shi a rufe, ko dokar ta garinku ce ko ta garin wasu, domin abincin wani ne yake girma a ciki. Ku ji tsoron kirari, ku iya cewa babu. Wanda ya nuna muku inda makullinsa yake, ku ji tsoron Allah a kansa. Idan kuma shaiɗan ya riga ya ja ku kun yi ɓarna, kada ku jira gobe, ku tashi yau ku je ku faɗa tun mai haƙƙin yana da bakin amsawa. Ni sau uku aka kira ni ina da ƙafa, shi yana da harshe, na ƙi zuwa. Allah nakan roƙe shi gafara kullum, kuma ina sa rai. Amma haƙƙin Baba Iliya yana wuyana, gashina ya yi fari ban san ko ya yafe ba, kuma ba wanda ya rage a duniya da zan tambaya.